Tambaya da Amsa: Za mu kai yara Disney a makon Kirsimeti, me za mu ci?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya gida, ya ƙoƙari? Ina zaune da iyalina a jihar Maryland ta Amurka. Mun daɗe muna tara kuɗin kai yara Disney World, bana dai Allah ya nufa. Hutun makaranta da na maigida ba su haɗu ba sai makon Kirsimeti, don haka za mu sauka Orlando ranar 22 ga Disamba, mu shiga wuraren wasan kwana huɗu daga ranar 23. Mu bakwai ne: ni da maigida, yara huɗu masu shekara 13, 10, 6 da auta mai shekara 2, sai Hajiya mahaifiyar maigida. Hajiya tana da ciwon sukari, kuma ba ta cin naman da ba ta san wanda ya yanka ba. Mun kama gida mai kicin a garin Kissimmee da ke kusa da wurin.

Maigida ya ce kada in wahalar da kaina, hutu za mu je ba girki ba, in yunwa ta zo ma sayi abin da muka gani. Ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya. Na ji an ce sai an kama tebur tun watanni kafin a je, na ji an ce abinci da tsada, na kuma ji an ce ba a shiga da abinci daga waje. Don Allah Anti, ke da kike kusa da wurin, ki ba ni shawara.

Ƙanwarki, daga Maryland

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya kai ku lafiya, ya sa yaran su ji daɗin abin da kuka daɗe kuna tara musu.

Maigida ya yi gaskiya a rabin maganarsa. Hutu za ku je, bai kamata ki ƙare shi a bakin murhu ba, kuma zan dawo kan wannan. Amma "ma sayi abin da muka gani" shawara ce ta watan Satumba, lokacin da yaran Amurka suka koma aji. Makon da kuka zaɓa shi ne mafi cunkoso a shekara. Makarantu duk suna hutu, ma'aikata sun ɗauki nasu, mutanen jihohin sanyi sun gangaro Florida neman rana. An sha tsayar da shigar mutane Magic Kingdom, ɗaya daga cikin wuraren wasa huɗu na Disney World, a ranar Kirsimeti ko jajibirin sabuwar shekara saboda wuri ya cika. Idan kin taɓa shiga Kantin Kwari ana jibi Sallah, kin san irin abin da nake nufi. A irin wannan rana, daga sha biyu zuwa biyu, layin abinci kan yi tsawo kamar na lilo, in ma kin karɓo tire a hannu sai ki yi ta zagaye ba wurin zama.

Abin da ya fi damuna kuwa ba tsawon layin ba ne. Uwar da auta ke tsala ihu a kafaɗarta, ɗan shekara goma yana jan mayafinta, suruka ta fara jin jiri, wannan uwa ba za ta tsaya tambayar me aka zuba a miya ba, ba za ta kuma duba farashi ba. Yunwa ce za ta yanke mata hukunci, a kan kuɗinta da kuma a kan abin da zai shiga cikin 'ya'yanta. Shi ya sa nake gaya wa duk baƙon da ya sauka a gidana da niyyar zuwa wurin nan: a gama maganar abinci a gida, ciki a ƙoshe, kafin a fara lissafin lilon da za a hau.

Wanda ya ce miki ba a shiga da abinci bai faɗi daidai ba. Disney World ta yarda baƙo ya shiga da abincinsa da abin shansa, in dai ba giya ba ce. Sharuɗɗan ba su da wuya. Ba a shiga da kwalba, sai 'yar ƙaramar ta abincin jarirai. Ba a shiga da wuƙa, don haka ki yanka kankana da lemo tun a gida. Ba a zuba ƙanƙara tsurarta a cikin kula, amma in kin daskarar da gorar ruwa ko ta zoɓo a firji kin jefa a ciki, ba mai hana ki, ga sanyi ga abin sha idan ta narke. Jaka ko kula kada ta wuce inci 24 a tsawo, 15 a faɗi, 18 a tsaye. Abincin ya zama wanda ba ya buƙatar ɗumamawa. Idan masu binciken ƙofa suka buɗe jaka, ki ce musu abinci ne, shi ke nan. Keken auta shi ne motar kayanku, ƙarƙashinsa zai ɗauki kula ƙarama da fulas biyu. Akwai kuma akwatunan ajiya na haya kusa da ƙofa in kayan sun yi nauyi.

Kada ki ce za ki bar abinci a mota ku fito ku ci da rana, musamman a Magic Kingdom. Wurin ajiye motocinsa yana ƙetaren tafki ne, sai an hau jirgin ruwa ko jirgin ƙasa mai bin dogo ɗaya a sama kafin a isa ƙofa. Fita da dawowa da mutum bakwai a wannan makon zai cinye muku fiye da awa guda. A sauran wuraren uku, EPCOT da Animal Kingdom da Hollywood Studios, motoci suna gaban ƙofa, can abin da sauƙi.

Me za a zuba a kular? Abin da ke daɗi ko ya huce. Ni nakan yi biredi da wainar ƙwai da albasa, dafaffen ƙwai da ɗan yaji a ƙulle, soyayyar kaza da aka soya ta bushe sosai, dambun nama, cincin, dabino, ayaba da tuffa. Dambun shinkafa da zogale yana jure yini a ƙaramin fulas na abinci, kuma manya sun fi samun natsuwa da shi fiye da biredi. Shayi mai citta a fulas zai yi muku rana, domin safiyar Disamba a Orlando takan yi sanyi har a sa rigar sanyi, da rana a cire, bayan magariba a sake nema. Auta a dama masa kunu. Kowane ɗaya daga cikin wuraren huɗu yana da ɗakin kula da jarirai, da kujerun ciyarwa da wurin shayarwa da na'urar ɗumama abinci, kuma kyauta ne. Abu ɗaya zan roƙe ki: in kun ɗauki gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, ki gargaɗi yara kada su miƙa wa ɗan wani a layi. Mu tarbiyyarmu ce a ce "bismillah" ga na kusa, amma a ƙasar nan akwai yaran da ƙwayar gyaɗa ɗaya kan kai su asibiti.

Ruwa kada ki saya. Gorar ruwa a ciki tana kaiwa wajen dala 4, alhali duk kantin da ke sayar da abinci da lemon famfo zai ba ki kofin ruwan sanyi kyauta in kin tambaya. Kowa ya riƙe gorarsa ta roba.

Sai lokacin ci, wanda a ganina ya fi komai. Ku ci abinci ba a lokacin da jama'a ke ci ba. A yi karin kumallo mai nauyi a gida bayan asuba, ba shayi da biskit ba, a ci abin da zai riƙe ciki. Abincin rana a ci shi kafin sha ɗaya, ko da yara sun ce ba su ji yunwa ba tukuna. A lokacin kujeru suna nan fayau. Wajen biyu da rabi a buɗe kula a ɗan taɓa. Na dare a ci shi tsakanin huɗu da rabi da biyar, kafin rana ta faɗi, don a ƙarshen Disamba magariba kan yi wajen biyar da rabi a nan. Hakan zai ba ku damar yin salla ciki a ƙoshe, sannan ku nemi wurin tsayuwa don kallon wasan wuta. Mutane kan kama wuri tun saura awa guda ko fiye, to wannan zaman jiran shi ne lokacin cincin da sauran shayi.

Idan za ku sayi abinci a kantunan da ake karɓa a tire, ki sauke manhajar My Disney Experience a waya tun kuna gida. A cikinta ana zaɓar kanti, a zaɓi lokacin da za a zo karɓa, a biya, in an iso a danna cewa an iso, sai su haɗa. A ranakun cunkoso lokutan tsakar rana kan ƙare tun da hantsi, don haka ki yi odar abincin rana da safe kuna tsaye a layin lilon farko. Jerin abincin kowane kanti da farashinsa yana cikin manhajar. Ki zauna da maigida wani dare a watan gobe ku karanta, ku fitar da kanti ɗaya ko biyu a kowane wuri. Abincin babba ɗaya a irin waɗannan kantuna yana kaiwa wajen dala 15, kuma sau da yawa yana isar yara biyu.

Yanzu maganar halal. Game da naman sa da kaza na kasuwar Amurka, malamai sun yi saɓani, wasu sun sauƙaƙa bisa ayar abincin Ahlul Kitabi, wasu sun ce sai an tabbatar da yanka. Ba ni zan raba wannan gardama ba. Abin da zan ce shi ne ke da maigida ku tsaya a kan matsaya ɗaya tun a gida, ku gaya wa yara, kada a je gaban kanti uba ya ce a saya uwa ta ce a'a. Tunda Hajiya tana tare da ku kuma matsayinta a fili yake, ni da zan ba ku shawara sai in ce ku bi nata na kwana huɗun nan: a ciki kifi da kayan lambu, nama kuwa wanda kuka zo da shi.

Alade da giya su ne ba saɓani a kansu, kuma su ne ke ɓuya inda ba a zato. Mutanen kudancin Amurka kan dafa wake da ganye da guntun naman alade don ɗanɗano. Biredin Kuba, wanda ya yawaita a Florida, asalinsa da kitsen alade ake kwaɓa shi. Jajayen yanka-yankan da ke kan fiza alade ne. Soyayyen kifin da ake sayarwa a sashen Ingila na EPCOT, da giya ake kwaɓa fulawarsa, ga shi kuwa mutum zai ce ai kifi ne. Shahararriyar miyar cukun sashen Kanada tana da giya da alade duka. Naɗin gurasar da ake rububi a Ronto Roasters na Hollywood Studios, na asalin alade ne. Farar alewar nan mai laushi da ake jefawa a kan koko mai zafi, da alewar roba ta yara, yawanci da gelatin ake yinsu, wanda galibi daga alade yake. Lokacin Kirsimeti kuma EPCOT takan cika da ƙananan rumfunan abincin bikin ƙasashe, a cikinsu akwai kek mai barasa da ruwan inabi mai ɗumi da kayan ƙamshi. Ƙatuwar cinyar da za ku ga mutane suna yawo da ita a hannu ta talotalo ce, ba alade ba, amma ba yankanmu ba ce.

Kada wannan lissafi ya firgita ki, akwai abin ci. Tun 2019 Disney take sa alamar ganye a gefen duk abincin da ba nama, ba ƙwai, ba madara a cikinsa. Wannan alama za ta rage miki rabin tambaya, sai dai har yanzu ki tambaya ko an sa giya a miya. A Magic Kingdom ku nufi Columbia Harbour House, gidan kifi ne da jatan lande, akwai gasasshen kifin salmon, kuma yana da bene wanda da yawa ba su san da shi ba, can sama ya fi natsuwa. A tambaya a kan miyarsu mai kauri kafin a saya, irinta akan sa mata alade. A EPCOT akwai Sunshine Seasons a ginin The Land, wuri ne mai faɗi da kujeru da yawa. A ginin ne ake hawa ƙaramin jirgin ruwa a ratsa lambunan da ake noma kayan lambu da kiwon kifi, kuma ana amfani da wani ɓangare na amfanin a kicin ɗin wurin. Ku kai Hajiya, zai yi wuya wani lilo ya burge ta kamar wannan. A Animal Kingdom, Satu'li Canteen yana yin kwano na hatsi ko ganye da soyayyar awara mai yaji, kuma a kasuwar Harambe akwai rumfar 'ya'yan itace da gasasshiyar masara. A Hollywood Studios, Docking Bay 7 yana da curin naman tsirrai da markaɗaɗɗen wake da gurasa. Shi Hollywood Studios ya fi sauran ƙarancin zaɓi da ƙarancin inuwa, ranarsa ce ya kamata kula ta fi cika.

Gidajen abinci na zama, waɗanda ake kawo wa mutum har tebur, su ne ake kama wa gurbi. Ana buɗe rajista saura kwana 60, wajen ƙarfe 6 na safe agogon Florida, wanda shi ne agogonku na Maryland. Masu kwana a otal-otal ɗin Disney suna kama na dukan zamansu a lokaci guda, har kwana goma, shi ya sa suke riga kowa. Ku da kuka kama gida a waje, kowace rana da ranarta: teburin 23 ga Disamba zai buɗe muku ranar 24 ga Oktoba, na ranar Kirsimeti kuma 26 ga Oktoba. Teburin mutum bakwai yana da wuyar samu. In bai fito ba ki nemi na huɗu da na uku a lokuta masu kusa, in kun je ku roƙa a haɗa ku. In kin rasa gaba ɗaya, ki riƙa leƙawa a daren jajibirin ranar, mutane kan soke nasu. Ana karɓar lambar katin banki, kuma wanda bai zo ba bai soke da wuri ba, ana cire masa dala 10 kan kowane mutum.

Ki yi lissafi kafin ki danna. A Disney, yaro ɗan shekara 3 zuwa 9 ne yaro. Ɗanki mai 10 babba ne a wurin tikiti da wurin biyan abinci. Auta ne kawai zai ci daga farantinki kyauta a gidajen ɗebi-da-kanka. A ce kuɗin babba dala 60 ne a gidan da Mickey da abokansa, 'yan katun ɗin Disney, ke zagayawa ana ɗaukar hoto, manya biyar dala 300 ke nan, ga na 'yar shekara 6, ga haraji kashi 6.5, ga tukuicin ma'aikata kashi 18 da ake ɗorawa kai tsaye a kan duk teburin mutum shida ko fiye. Zama ɗaya ya haura dala 400, alhali rabin abin da aka jera naman da ba za ku ci ba ne. Don haka ni ban ga dalilin yin irin wannan zama kullum ba. Sau ɗaya ya isa, biyu in aljihu ya yarda. Kowane zama yana cin awa ɗaya da rabi, kuma yana ɗaure ku da agogo: kuna tsakiyar layin da kuka yi minti hamsin a ciki sai lokacin tebur ya yi.

In za ku yi ɗaya, ni Tusker House zan zaɓa muku, a Animal Kingdom, kuma a ranar 25 ga wata. Girkinsu ya karkata ga na Afirka, da shinkafa da kayan lambu da kayan ƙamshin da harshenmu ya sani, yara kuma za su gaisa da su Donald ba tare da wani layi ba. Ranar Kirsimeti kowa Magic Kingdom yake nufa, ku ku yi can ranar 23. Da zarar kin kama teburin, ki rubuta wa sashen Disney mai kula da abinci na musamman ta imel, adireshinsu yana shafinsu, ki faɗi rana da lokaci da lambar rajista, ki ce kuna neman halal. Wasu gidajen suna tanadarwa in an sanar da su kafin ranar, ba a samunsa ga wanda ya faɗa a bakin tebur. In kun zauna kuma ki sake faɗa wa mai kawo abinci. Al'adarsu ce kuku ya fito ya nuna abin da ke cikin kowane kwano, kuma ba sa ɗaukar hakan a matsayin takura. Kada ki ji nauyin tambaya.

Hajiya ita ce agogon tafiyar nan. Mai ciwon sukari ba ya jiran layi. Lokacin maganinta da na abincinta shi za a fara rubutawa, sauran su biyo baya. Tafiyar ƙafa a wurin nan tana da yawa, zagayen tafkin EPCOT kaɗai ya kusa kilomita 2, kuma yawan tafiya kan saukar da sukari fiye da yadda aka saba a gida. Ta ga likitanta kafin ku taso. A jakarta ita kanta, ba a keken auta ba, a sa dabino da ɗan kwalin lemo, domin za a iya rabuwa, wasu su tafi lilo da keken ita tana zaune. In tana allurar insulin, kowane wuri yana da ɗakin taimakon gaggawa da ma'aikatan jinya, suna ajiye magani a firji. Ana ba da hayar keken turawa a bakin ƙofa. Na san iyayenmu, za ta ce ita ƙafarta lafiya lau. Ki bar ɗanta ya lallashe ta, daga bakinsa zai fi shiga.

Na ce zan dawo kan maganar maigida. Tsarin nan ba zai yiwu ba in ke kaɗai za ki tashi ƙarfe huɗu kina suya, sannan ki yini kina tura keke. Naman ki soya shi tun a Maryland ki daskarar, dambun nama ma haka. Busasshen abinci yana shiga jirgin cikin gida, miya ce sai a jakar da ake aunawa. In ba ki son ɗauko kaya, Orlando da Kissimmee suna da mahautan halal da gidajen abincin Larabawa, Turkawa da 'yan Pakistan, musamman wajen International Drive da babban titin 192. Dare ɗaya ko biyu ku fito da wuri ku saya a can, ku ci nama hankali kwance a kan kuɗin da bai kai na ciki ba. Cefane na maigida ne, ranar 22 da kun sauka, kuma ya yi shi cikakke, don manyan kantuna irin su Publix da Walmart suna rufewa da wuri ranar 24, ranar 25 kuwa ba sa buɗewa sam. 'Yar 13 ta haɗa biredi, ɗan 10 ya cika goruna ya sa a firji kafin a kwanta. Minti ashirin ne in hannu ya yi yawa.

Abu na ƙarshe gare ki, kuma ina faɗarsa ne da zuciya ɗaya. Yaranmu da ke tasowa a ƙasar nan suna jin "a'a, ba ma ci" a makaranta, a gidan biki, a kanti. Kada ranar da suka daɗe suna mafarki ita ma ta zama ta "a'a" daga safe har dare. Ki ware wa kowane yaro 'yan daloli na kwaɗayi a kullum, ki nuna masa abin da zai iya saya da kansa. Dole Whip, wani abin sanyi irin na askirim na abarba da ake sayarwa a Aloha Isle na Magic Kingdom, ba madara ba nama a cikinsa. Gugguru ma lafiya lau, in kun sayi bokitinsa sau ɗaya ana sake cikawa da kuɗi kaɗan. Yaron da ya san yana da abin da zai ce "e" a kansa, ba ya tsayawa kallon hannun wasu.

TAMBAYA

Salam Hajiya. Wani abokina ya ce in mun je EPCOT mu wuce sashen Maroko kai tsaye, can komai halal ne tunda ƙasar Musulmi ce. Haka ne?

Magidanci, daga Bronx

AMSA

Wa'alaikas salam Malam. Abokinka ya yi kyakkyawan zato, amma kada ka ci nama a kan zato. An buɗe sashen Maroko a 1984, kuma gwamnatin Maroko ce da kanta ta ɗauki nauyinsa. Sarki Hassan na Biyu ya turo magina da masu aikin ado daga can, shi ya sa za ka ga hasumiya irin ta masallacin Kutubiyya na Marrakesh da ƙofa irin ta birnin Fas, da zanen bango wanda ba hoton mai rai a cikinsa. Wuri ne mai kyau ƙwarai, lungunansa na ciki kuma suna daga cikin inda ya fi shiru a EPCOT, sun dace da hutawa da iyali. Amma tun 2020 Disney ce ke tafiyar da gidajen abincin wurin, kuma ana sayar da giya a cikinsu kamar sauran sassa. Ka tambayi kuku a kan naman ranar da ka je. In amsar ba ta gamsar da kai ba, akwai markaɗaɗɗen wake da zaitun da gurasa da shayin na'ana'a.

TAMBAYA

Anti, maigidana ya je ganin gida, zai dawo kafin tafiyarmu Orlando. Na ce ya taho mana da kilishi mai yawa don guzurin yara a wurin wasa. Akwai matsala?

'Yarki, daga Ohio

AMSA

Akwai, 'yata, ki kira shi yau ki ce ya bari. A ƙofar Disney ba mai hana kilishi. A filin jirgi ne ba zai wuce ba. Dokar Amurka ta hana matafiyi shigowa da nama daga ƙasashenmu, ɗanye ko busasshe, saboda cututtukan dabbobi, kuma kilishi da dambun nama duk suna ciki. Akwai karnukan da aikinsu ke nan, shinshina jakunkuna. Wanda ya bayyana abin da ya ɗauko, karɓewa kawai za a yi a zubar. Wanda ya ɓoye aka gano, tara ce ta ɗaruruwan daloli, kuma sunansa ya shiga rajista. Duk abincin da ya riƙo, ko yaji ne ko kuka, ya faɗa wa jami'in kwastan, su za su ce wannan ya wuce wannan ya tsaya.

Ki sayi cinyar sa a mahautar halal ta garinku, ki ce a yanka miki fale-fale. Ki shanya a tanda a wuta mafi ƙanƙanta, ƙofar a ɗan buɗe, har ya bushe. Sai ki tsoma a kwaɓin tunkuza da citta da kanumfari da barkono da albasa, ki mayar ya sake bushewa, ki ɗan ƙara wuta a ƙarshe. Ki yi shi saura kwana uku ku tashi, ki raba a ƙananan leda, kowace rana da tata.